Ranar Da Kumatu Ta Yi Shiru

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa in daina ja wa Mai Guduma aji in ba shi amsa, yau zan faɗa muku abin da ban faɗa wa kowa ba, har Umma, mahaifiyata, da muke gida ɗaya. In kun gama karantawa ku zage ni, na yarda. Amma ku bari in kai ƙarshe tukuna.

'Yata, wadda kowa yake kira Kumatu, ta cika wata takwas ba ta taɓa haɗiye komai ba sai nono. Wata biyu cur ina ƙarya. Kullum da hantsi Umma za ta dafa dankali ko karas ta murƙushe a wata 'yar roba mai ruwan ɗorawa, ta miƙo min da ƙaramin cokali, ni kuma in ce ai yarinyar ba ta ci in ana kallonta. Sai in shige ɗaki in tura ƙofa, in zauna a bakin gado in cinye abincin tas, in lakato ɗan saura in goga mata a haɓa da gaban riga. In fito da roba fayau, Umma ta ce madalla, jikata akwai ci. Ni, ƙatuwa da ni, uwar 'ya, ina satar dankalin jaririya a bayan ƙofa. Har 'yar ƙiba na fara yi, Umma tana cewa hankalina ne ya fara kwanciya.

Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Waɗanda suka fara bina kwanan nan ba su sani ba, baban Kumatu ya rasu ina da cikinta wata huɗu. Ciwon asma ne, a falo, da rana tsaka, abin shaƙarsa ya ƙare ba mu lura ba. Ina durƙushe a gabansa ina jin yadda ƙirjinsa yake neman iska, kuma wannan ƙarar ba ta bar kunnena ba har yau. To ranar da Kumatu ta cika wata shida na murƙushe ayaba na ba ta cokali ɗaya. Ta zaro harshe, idonta ya kawo ruwa, ta fara kakari kamar za ta amayar da hanjinta. Ban san lokacin da na yi jifa da cokalin ba. Na rungume ta, na rantse a raina babu abin da zai sake shiga bakin nan sai nono, ko da za ta yi haƙora talatin.

Asirina ya tonu ranar Laraba, a wajen awo. Hajiya, mahaifiyar marigayi, ta kafe sai ta raka ni asibiti. Hajiya ba muguwa ba ce, kada ku ɗauke ta haka. Shi kaɗai ne namiji a 'ya'yanta shida, kuma har yanzu agogonsa ne a hannunta, ya yi mata yawa, tana ta tura shi sama. Nas ta ɗora Kumatu a sikeli, ta duba, ta sauke ta, ta sake ɗorawa. Ta ɗiga biro a katin awo, sai na ga ɗigon ya tsaya daidai da na watan jiya, da na watan shekaranjiya. Layin da ya kamata ya hau ya kwanta.

Ta tambayi me take ci. Na fara zubo mata: dankali, karas, ƙwai, shinkafa mai laushi, sau uku a rana. Ta kalle ni ta saman gilashinta har na kai aya. Sannan ta roƙi Hajiya ta taimaka ta kai katin tagar farko a buga masa hatimi. Ƙofa na rufewa ta jawo kujera kusa da ni.

"Yanzu faɗa min gaskiya, 'yata. Wa yake cin abincin?"

Na fashe da kuka. Na gaya mata komai, har da falon, har da cokalin da na jefar. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta ce nono yana nan da amfaninsa, amma daga wata shida ba ya isar yaro shi kaɗai. Ta ce abin da na gani ran nan kakari ne, kuma kakari daban, shaƙewa daban. Bakin jariri yana koro duk abin da ya wuce inda ya saba, tun bai kai maƙogwaro ba, da haka yake koyon tauna da haɗiya.

"In kin ji ƙara, ki zauna a kan hannayenki," in ji ta. "Yaron da yake tari yana numfashi. Wanda ya yi shiru, baki a buɗe, ba kuka ba tari, leɓe ya fara sauya launi, shi ne za ki tashi a kansa."

Ta ɗauko wata 'yar tsana mai girman jariri daga kabad ta sa ni na yi da hannuna. A kifa ta a kan damtse, kai ƙasa da jiki, a tallafe haɓa, a buga tsakanin kafaɗu da gindin tafin hannu sau biyar. In bai fito ba a juyo ta, yatsu biyu a tsakiyar ƙirji, a danna sau biyar. Kada a zura yatsa ana lalube, kada a ba da ruwa. Sau huɗu ta sa na maimaita, tana cewa in ƙara ƙarfi, ba shafa mai nake yi ba. Ta ce in zaunar da yarinya a miƙe, in yanka abinci tsawon yatsana, mai laushin da zan iya murje shi da yatsu biyu, in bar ta ta ɗauka da kanta. Duk wani abu mai zagaye da santsi kuwa, ko in tsaga shi huɗu ko in nesanta shi da ita.

Na fito da ɗan ƙarfin gwiwa, sai na tarar da Hajiya a baranda ta buɗe katin tana kallo. Ba ta yi boko mai zurfi ba, amma ta raini 'ya'ya shida, ta san layin da ya kwanta. Muka kamo hanya har ƙofar gidanmu. Ina ƙoƙarin sauka daga mota ta riƙe hannun Kumatu.

"Na binne ɗana, ba zan zuba ido 'yarsa ta ƙanjame ba. Ranar Asabar zan zo in ga tana ci da idona. In ban gani ba, da ita zan tafi."

Na shiga gida na faɗa wa Umma, ina zaton za ta tashi tsaye a kaina. Sai ta ci gaba da ninke wanki, ta ce ai ba wani abu ba ne, kaka ce, ba a hana kaka jikarta. Ta ƙara da cewa wataƙila ma hakan ya fi, in samu in shiga gidan miji hannuna sake. A nan na gane babu mai tare min. Kuma kamar wannan bai isa ba, ta tuna min cewa Asabar ɗin ce Mai Guduma zai kawo yayarsa ta gan ni.

Mai Guduma kafinta ne. Wata uku da suka wuce ya zo gyara mana ƙofar kabad ɗin kicin, aikin rabin awa, ya yi kwana huɗu yana dawowa wai ya manta ƙusa. Dogo ne, ba ya son magana, kullum akwai fensir a bayan kunnensa da garin katako a gashin girarsa. Ni na raɗa masa sunan, a gabansa kuwa Malam nake cewa. Bai taɓa aure ba. Umma ta ce saurayi mai sana'a ya nemi bazawara da goyo, in na yi wasa da shi sai na yi kuka da idona. Gaskiyar da ban taɓa rubuta muku ba ita ce ina sonsa. In na ji ƙarar tsohuwar motar kayansa a layinmu sai in rasa inda zan sa hannuna.

Da yammar Larabar saƙonsa ya shigo.

"Maman Kumatu, ya awo?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na gaya masa rabin gaskiya: ba ta ci sosai, nas ta ce sai tana zama a miƙe tana ɗauka da kanta, kuma Hajiya za ta karɓe ta in ba ta ci ba.

Na yi zaton zai turo min addu'a da hoton zuciya. Abin da ya turo shi ne: "Auna min daga mazauninta zuwa gwiwa, da daga gwiwa zuwa tafin ƙafa."

"Riga za ka ɗinka mata?"

"Ke dai auna."

Na auna da tef ɗin ɗinkin Umma, Kumatu tana ta ƙoƙarin cinye tef ɗin. Wannan yarinya komai kaiwa baki take yi, takalmi, makulli, gefen mayafina. Abinci ne kawai uwarta ta hana ta.

Alhamis na yanka ayaba tsawon yatsa na ajiye a gabanta. Tana miƙa hannu na fizge. Juma'a na daure na bar ta ta ɗauka. Ta matse ta a tafin hannu har ta fito ta tsakanin yatsu, ta shafa a kai, ta lasa sau ɗaya ta yamutsa fuska. Ba ta haɗiye komai ba, ni kuma gumi ya jiƙa min riga kamar na yi dako. Na kwana biyu ban ci abin kirki ba, ni da na saba cin rabon mutum biyu.

Asabar tun da safe Umma ta tayar da gidan. An sauya labulen falo zuwa mai ruwan zuma, an fito da kofunan gilashin da ba a taɓa su sai da baƙi, an goge teburin tsakiya har yana ɗaukar ido. Na sa doguwar riga ruwan toka mai sauƙi saboda shayarwa, Umma ta ce in cire, wai kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Ta zaɓo min koriya mai duwatsu a wuya da hannu, da mayafi mai shara-shara wanda ba ya zama a kafaɗa. Na ce duwatsun za su karce Kumatu. Ta ce yau ba ranar Kumatu ba ce kaɗai. Na sa kwalli a gurguje, ido ɗaya ya fi ɗaya baƙi.

Hajiya ce ta fara isowa, ƙarfe sha ɗaya daidai. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon wuyan jikarta. Ba a jima ba na ji motar kayan. Mai Guduma ya shigo da sallama, ya sa fararen kaya, ya cire fensirin amma shatinsa na nan a bayan kunne. Yayarsa na biye da shi, mace mai jiki da fara'a da zobba a kowane yatsa, ɗauke da kwandon kayan marmari, lemo da tuffa da inabi. Shi kuma a kafaɗarsa kujera ce.

Jama'a, in kun ga kujerar nan. Doguwa, ƙafafunta a buɗe don kada ta kife, da ɗan allo a gaba na ɗora abinci, da wurin taka ƙafa daidai awon da na ba shi. Babu kusurwa ko ɗaya mai kaifi, duk ya goge su sun yi sumul. Ya ce bai shafa mata fenti ba saboda ya san mai kujerar za ta ɗanɗana ta. Har Hajiya sai da ta shafa katakon ta ce aiki ya yi kyau, ko da yake ba ta kalli fuskarsa ba.

Ina ganin inabin nan na tuna gargaɗin nas. Na ɗauki kwandon zan kai kicin in ɓoye, Umma ta karɓe, ta wanke komai ta jera a babban faranti ta dire a teburin tsakiya. Na raɗa mata cewa inabin haɗari ne ga yarinya. Ta harare ni ta ce wa zai ba jaririya inabi, in daina neman abin kunya a gaban baƙi. Na yi shiru. Wannan shirun nawa shi nake ta juyawa a raina tun daga ranar.

Aka gama gaishe-gaishe. Anti, haka na kira yayar tasa, ta tambayi karatuna, ta tambayi ko na iya girki, ta yaba duwatsun rigata, Umma ta kalle ni da gefen ido. Hajiya ta duba agogon ɗanta ta ce to, a kawo abincin.

Na zaunar da Kumatu a kujerar, ƙafafunta suka sauka daidai a kan katakon. Na ajiye yankan ayaba biyu da dafaffen dankali mai laushi. Hajiya ta tambayi ina cokali. Na ce da hannunta za ta ci. Ta taɓe baki ta ce su a zamaninsu a cinya ake kwantar da yaro a ba shi, ya so ko bai so ba, amma bari ta ga na zamani. Na jawo 'yar kujera na zauna a gaban 'yata. Kuma wallahi na yi abin da nas ta ce, na tura hannayena ƙarƙashin cinyoyina na danne su.

Kumatu ta kalli mutane biyar da suka zuba mata ido, ta kalli ayaba. Ta kai hannu ta kuskure, ta sake kaiwa ta damƙe. Ta kai kunne, ta kai hanci, sannan ta samu baki. Ta gutsura da dasashi. Na daina numfashi.

Sai ga shi ya zo. Harshe waje, ido ya yi ja, wannan ƙarar. Falon ya juya min, na ga wani falon, na ga wani mutum a ƙasa. Umma ta yunƙura, Anti ta ce a ba ta ruwa. Na ji muryata, ban san daga ina ta fito ba, tana cewa kowa ya zauna, tana tari, tana numfashi. Farcena ya shige cinyata. Kumatu ta yi kakari sau biyu, ta turo guntun ayabar gaban baki, ta tsaya kamar mai tunani, ta mamula shi, ta haɗiye. Na ga wuyanta ya motsa. Sannan ta buga allon da tafin hannu ta miƙa wa dankali hannu.

Ta ci rabin ayaba da kusan yanka ɗaya na dankali, sauran yana kanta da ƙasa da hannun rigar Mai Guduma, wanda ya tsuguna kusa da ita yana dariya kamar shi ya haife ta. Hajiya ta goge ido da bakin mayafi ta ce haka babanta yake yamutsa fuska in yana cin abu. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba tun da na haihu. Na ba Kumatu cokalin roba ta riƙe, ta shiga buga allo da shi, ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Umma ta ce in tashi in haɗo wa baƙi shayi. Na ce bari in sauke yarinyar tukuna. Ta ce manya huɗu ne a falon, ba za su cinye ta ba, in nuna wa Anti ni ma na san hanyar kicin. Anti ta yi dariya, ni ma na yi yaƙe, na tashi.

Kicin ɗinmu yana jikin falo, labule ne kawai a tsakani. Na kunna gas, na ɗora buta, ina jera kofuna a tire ina jin hirarsu da bugun cokali. Anti tana ba da labarin yadda ƙaninta ya taɓa gyara gadon da ba a ce ya gyara ba. Na buɗe gwangwanin sukari. Ban san me ya sa hannuna ya tsaya ba, sai da na saurara na gane. Bugun cokalin ya ɗauke.

Sai na ji muryar Hajiya, cikin jin daɗi: "Kun gani ko, da ta ƙoshi ta yi shiru."

Ban san yadda na ratsa labulen ba, na dai ji kofuna suna fashewa a bayana. Kumatu tana zaune a miƙe, baki a buɗe, ido a waje, tana kallona. Ba kuka, ba tari. Hannayenta suna motsi a iska, leɓenta ya fara yin toka-toka. Manya huɗu a kewaye da ita, uku suna hira, na huɗun yana murmushi da reshen inabi a hannunsa.

Na zare ta daga kujerar, na kifa ta a damtsena, kai ƙasa, na tallafe haɓarta. Na buga. Ɗaya. Biyu. Hajiya ta yi salati ta kama hannuna tana cewa zan karya mata baya, na fizge har agogon ya zame mata. Uku. Huɗu. Biyar. Babu komai. Jikinta ya fara saki a hannuna, ina jin nauyinta yana sauyawa. Umma ta kawo yatsa za ta zura mata a baki.

"Kada ki taɓa ta!"

Ban taɓa ɗaga wa mahaifiyata murya ba sai ranar. Na juyo da Kumatu, yatsu biyu a tsakiyar ƙirji, na danna sau biyar ina ƙirgawa da ƙarfi, duwatsun hannun rigata suna karce mata ciki. Babu komai. Na ce ya Allah, ba sau biyu ba, ba a falo ba, ba a gabana ba. Na sake kifa ta. Na manta 'yata ce, na tuna nas tana cewa ba shafa mai nake yi ba. Na buga da duk ƙarfina. A bugu na uku wani abu ya yi tsalle ya gangara ƙarƙashin tebur, kore, guda, ko tsagewa bai yi ba.

Ta ja iska da wata ƙara mai kama da ta tsohuwar ƙofa. Sannan ta tsala kuka. Na zube a ƙasa da ita a ƙirjina, ina cewa yi kuka, yi kuka, ƙara yi. Umma ta jingina da bango, Anti tana ta salati, Hajiya ta zauna a hannun kujera ta rufe baki da hannu biyu. Butar tana ta ihu a kicin babu wanda ya kula.

Mai Guduma ne ya kai mu asibiti a motar kayansa, ni da Umma a gaba, Hajiya da Anti suna biye a motar Hajiya. Likita ya duba ƙirjinta da maƙogwaronta da bayanta, ya ce babu abin da ya karye, babu abin da ya rage a ciki, amma mu zauna awa biyu a sa mata ido. Ya tambayi wa ya yi mata taimakon farko. Na ce ni. Ya ce da an tsaya neman mota da labarin ya sha bamban.

Muka jeru a benci a baranda, la'asar ta yi, Kumatu ta sha nono ta yi barci a jikina. Takalmi ɗaya ne a ƙafata, kwallin ya gangaro har haɓa. Can Hajiya ta yi magana, a hankali, ba ta kalli kowa ba.

"Wa ya ba ta?"

Ni kaɗai na ga reshen a hannunsa. Ku duba inda na tsinci kaina. In na ce ni na bar shi kusa da ita, na zama uwar da ba a bar wa yarinya, Hajiya ta tafi da ita. In na faɗi gaskiya, na san abin da zai biyo baya. Umma tana taka min ƙafa, don ita ma ta zargi wani abu. Na buɗe baki ban san me zai fito ba.

"Ni ne, Hajiya," in ji shi. Ya sauko daga bencin ya durƙusa. "Ta miƙo hannu, na ga tana cin abu da daɗi, na ba ta ɗaya. Ban sani ba. Maman Kumatu ba ta wurin."

Anti ta fara ba da haƙuri, Umma ta fara cewa ƙaddara ce, Hajiya ta ɗaga hannu duk suka yi tsit. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juyo gare ni, idonta jawur.

"Da jakar zuba kayanta na zo yau, tana cikin mota. Ba zan ɗauke ta ba. Ina zaune a gabanta ina cewa ta ƙoshi, ke kina kicin kika ji. Ta zauna a hannunki." Ta ja numfashi. "Amma ranar da kika tare a gidan mutumin nan, ranar zan zo in karɓe ta. Ki zaɓa."

Ya miƙe a hankali, ya yi mana sallama, ya bi baranda ya fita, Anti ta bi shi. Umma ta matso tana raɗa min cewa in bar Hajiya ta huce, maganar ɓacin rai ce, kada in kuskura in saki mutumin nan. Na kalli Hajiya. Na zauna da ita shekara biyu, ban taɓa ganin ta faɗi magana ta janye ba.

Wayata ta yi ƙara a cinyata.

"Ina bakin get. Ba zan ce ki yafe min ba, ni ma ban yafe wa kaina ba. In kin ce in tsaya zan tsaya, in kin ce in tafi zan tafi. Kujerar dai ki bar mata."

Na karanta sau uku. Na tuna shi ne ya sa na auna ƙafar 'yata don kada ta yi lilo, kuma shi ne ya kusa raba ni da ita da ƙwayar inabi ɗaya. Na tuna ya iya yin shiru ya bar laifin a kaina, bai yi ba. Na rubuta "Ka tsaya", na goge. Na rubuta "Ka tafi", don kawai in ga yadda kalmomin za su yi a ido, na tsaya ina kallonsu, hawaye yana ɗiga a gilashin.

Kumatu ta farka. Ta ga haske a gabanta, ta kai hannu kamar yadda ta koya ɗazu, wannan karon ba ta kuskure ba. Tafinta ya sauka a kan wayar. Saƙon ya tafi, kuma nan take alamar ya karanta ta fito.

Ta tagar baranda ina hango motar kayan a bakin get. Ta daɗe ba ta motsa ba, kamar yana jiran saƙo na biyu. Ina da lokacin da zan ce kuskure ne, yarinya ce ta danna. Lambarsa tana gabana, yatsana yana kanta, ɗaya hannun yana rungume da 'yata. Ina kallo motar ta ja baya, ta juya, ta hau titi, kuma ban kira shi ba.